Littattafan Hira Don Lokacin Rani



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya lafa har sai ruwa ya sāke sauka. A irin wannan lokaci ne mutum yake samun sararin zama bayan abincin dare. Don haka muka ga ya dace mu gaya muku waɗansu littattafai da muka karanta, ko muka sāke karantawa, a watannin nan. Muna kuma so mu faɗi ra'ayinmu a fili: karatun hira ba ɓata lokaci ba ne ga mai bi. Ekklesiyar da ba ta buɗe littafi sai ranar Lahadi, a kwana a tashi ko karatun Lahadin zai gagare ta.

Mu tuna inda muka fito. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe a kai. A wurare da dama, kafin a yi wa mutum baftisma sai ya iya karatu. Kakanninmu manoma ne, amma sun zauna gaban fitilar aci-bal-bal suna haɗa baƙi da wasali har suka iya. A ƙauyuka da yawa wurin mai bishara ake kai wasiƙa a karanta. Yau kuwa sau nawa ake kiran saurayi mai takardar sakandare ya karanta aya da Hausa a sujada, sai ka ji yana tuntuɓe kalma bayan kalma? Ba laifin yaron ba ne. Makarantarsa da Turanci ake koyarwa, gida babu littafin Hausa ko ɗaya in ban da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, dare kuwa waya ta cinye shi. Karatu kamar fartanya ne, in aka jingine ta sai tsatsa.

Littafi na fari da muke ba ku shawara a kai shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Wani aku ne yake ba ɗan sarki Musa labari bayan labari domin ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri. Labaran gajeru ne, ana iya gama ɗaya kafin barci ya ɗauki yara. Akwai ban dariya, akwai wayo da wauta, akwai alƙalai da ɓarayi da mayaudara. Ga masu wa'azi kuwa, makaranta ce ta yadda ake jera magana har mai ji ya ƙi tashi. Wanda yake son ya koya wa 'ya'yansa karatun Hausa ba tare da bulala ba, ya fara daga nan.

Na biyu shi ne Jiki Magayi. A 1933 hukumar da ke kula da fassara da talifi ta shirya gasar rubuta labarai da Hausa ƙarƙashin Rupert East. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wannan na ƙarshe John Tafida ne, Kirista daga Wusasa, ya rubuta shi tare da East. Ya kamata 'ya'yanmu su san wannan, gama akwai masu ce musu Kirista ba shi da rabo a gādon Hausa, alhali kuwa tun ranar da aka aza harsashin rubutun labarai da boko da hannun ɗan ekklesiya a ciki. Labarin Abubakar ne wanda wani mai dukiya, Malam Shaihu, ya raba shi da Zainab, yarinyar da yake so. Sai Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ramuwar kuwa ta sauka a kan yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu da muka sha binne 'yan'uwa bayan rikici, muka kuma san yadda zuciyar saurayi take tafasa a bakin kabari, muna bukatar wannan labari. Bai yi wa'azi ba, ya dai nuna inda hanyar ramuwa take ɓullewa.

Na uku shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya na fari. Ƙaramin littafi ne, amma yana da nauyi. Yaro ne daga Kagara aka sace shi, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har wani Balarabe ya ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa tana nema, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da yawa daga cikin ekklesiyoyinmu suna cikin kabilun da hare-haren bayi suka sa kakanninsu hawa kan duwatsu. Abin lura ne cewa Musulmi ne, ɗan ƙasar Bauci, ya zauna ya rubuta azabar uwar da aka raba da ɗanta, ya kuma rubuta ta da tausayi. Wanda ya karanta zai ga ashe wannan ciwo ba a gidanmu kaɗai ya kwana ba.

Na huɗu domin Zumuntar Mata ne musamman, ko da yake maza sun fi bukatarsa: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Rabi, uwar 'ya'ya tara, mijinta ya ƙaro aure ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yara da makarantarsu. Kada wani ya ce wannan matsalar masu mata da yawa ce, ba ta shafe mu ba. Kowane kwamitin dattawa ya taɓa zama a kan maganar mijin da yake da kuɗin shagali a waje amma babu na cefane a gida. Littafin yana kuma buɗe mana ƙofar gidajen maƙwabtanmu. Muna cin kasuwa ɗaya da su, muna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, amma sau da yawa ba mu san abin da yake sa matansu kuka ba. Iyaye su fara karanta shi kafin su miƙa wa 'yan mata.

Sauran biyun da Turanci suke, don haka aiki ya hau kan 'yan makaranta su karanta su ba iyaye labari da Hausa. Na biyar shi ne The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fito a Ingila a 1678. Bunyan mai gyaran tukwanen ƙarfe ne, ba shi da zurfin karatu. Ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford domin ya ƙi daina wa'azi ba da izinin hukuma ba. Labarin matafiyi ne da kaya a bayansa, ya faɗa taɓo, ya ratsa kasuwar banza inda aka kashe abokin tafiyarsa saboda bangaskiya, ya kwana a kurkukun shakka. Ekklesiyar da ta yi shekaru tana neman takardar fili domin gina ɗakin sujada ba ta samu ba za ta gane muryar Bunyan. Shi ma ɗan ƙaramar jama'a ne a ƙasarsa, bai kuwa bar ɗacin rai ya shiga alƙalaminsa ba.

Na shida shi ne The Hiding Place na Corrie ten Boom, na 1971. Iyalin masu gyaran agogo ne a garin Haarlem na ƙasar Holan. Lokacin da sojan Jamus suka mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, suka gina ɓoyayyen ɗaki a gidansu suna ɓoye Yahudawa, mutanen da ba addininsu ɗaya ba. An kama su a Fabrairu 1944. Tsohon ubansu ya rasu bayan kwana goma a tsare, 'yar'uwarta Betsie ta rasu a sansanin Ravensbruck. Bayan yaƙi Corrie ta haɗu da ɗaya daga cikin masu gadin sansanin, ya miƙo mata hannu, ta faɗi gaskiyar yadda hannunta ya yi nauyi kafin ta karɓa. Irin wannan hali ba a Turai kaɗai ake samunsa ba. A Yuni 2018, a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. In an gama littafin, kowane maigida ya tambayi kansa: in ranar ta juyo, maƙwabcina ne yake gudu, ƙofata za ta buɗu?

Mun san waɗansu dattawa za su ce huɗu daga cikin littattafan nan na duniya ne, akwai bokaye da asiri a cikinsu, marubuta uku kuwa ba masu bi ba ne. Muna girmama wannan damuwa, gama daga kishin garke ta fito. Amma mu duba Maganar Allah. An horar da Musa cikin ilimin Masarawa. Daniyel da abokansa sun karanta littattafan Kaldiyawa, bangaskiyarsu ba ta girgiza ba. Bulus ya kawo maganar mawaƙan Helenawa sa'ad da yake wa'azi a Atina, ashe ya karanta su ke nan. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti kuma, yana ɗaure, ajali ya kusa, abin da ya roƙa a kawo masa shi ne mayafinsa da littattafansa. Labarin da ya ambaci boka ba ya mai da mai karatu boka, kamar yadda karanta labarin mayyar Endor bai taɓa mai da kowa maye ba. Abin tambaya shi ne, labarin yana yabon mugunta ne ko yana tona ta? Sa'an nan mu faɗa wa juna gaskiya: in mun hana yara Magana Jari Ce, ba Zabura za su ɗauka ba, waya za su ɗauka, a can kuwa babu dattijon da yake tace musu kome.

Wannan ba ya nufin kowane littafi ya shigo gida. Akwai na batsa, akwai masu zagin addinin wasu, har da waɗanda aka rubuta da sunan Kiristanci, akwai masu yi wa talaka alkawarin dukiya in ya ba da abin da yake hannunsa. Waɗannan mu nisance su. Ba ya kuma nufin hira ta ɗauki wurin addu'ar iyali. Tuwo shi ne abinci, amma ba a hana yaro gyaɗa don akwai tuwo.

Saura maganar kuɗi, gama littafi ya yi tsada. Shawararmu ita ce kowace ekklesiya, kome ƙanƙantarta, ta sami akwatin ƙarfe guda saboda gara da ɗigar ruwa. A lokacin godiyar kaka kowane gida ya ƙara mudu ɗaya na hatsi domin littattafai. Wanda zai je Zariya ko Kano ko Jos a ba shi saƙo, ya duba shagunan littattafai da masu shimfiɗa tsofaffi a bakin hanya. Waɗanda suke da littattafai suna shan ƙura a ƙarƙashin gado su kawo. A zaɓi mutum ɗaya mai aminci daga Zumuntar Matasa ya riƙe mabuɗi da littafin rubuta sunayen masu aro, a ba kowa mako biyu. A gida kuma a keɓe dare ɗaya a mako, a ajiye waya, yaro ya karanta da ƙarfi, kaka ta gyara masa Hausa. Ta haka tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta sami hira, jikan da bai iya Hausa sosai ba ya sami malama.

Dattawa, wannan magana tana hannunku, gama ba za a sayi akwati ba sai kun sa baki. Muna roƙo ku sa ta cikin abubuwan da za ku tattauna a zamanku na gaba, tun rani bai ƙare ba. Wanda kuma ya karanta wani littafi mai amfani da ba mu ambata ba, ya rubuto domin sauran 'yan'uwa su amfana.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare ekklesiyarsa. Amin.