Danmak: Maganin Kitsen Jini da Gubar PFOS

A 2021 aka gano cewa wasu mazauna Korsør, a Danmak, sun jima suna cin naman shanun da ke kiwo kusa da makarantar 'yan kwana-kwana, inda kumfar kashe gobara ta gurɓata ciyawa da PFOS, sinadari mai shekara da shekaru a jikin mutum. Likitoci sun ba 45 daga cikinsu cholestyramine, tsohon maganin rage kitsen jini, na mako 12, gubar kuwa ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Maganin yana damƙe ta ne a hanji ta fita ta bayan gida, aikin da statin ba ya yi. Sai dai gwajin bai auna ko hakan na hana cuta ba, kuma tsaftace gurɓatacciyar ƙasar yana nan a wuyan hukuma.