Matan da Finafinan Tarihinmu Suka Manta da Su

A falukan GRA ta Katsina, inda kuɗin intanet ba ya gagarar maigida, an kalli fim ɗin Amina tun fitowarsa a Netflix a 2021, aka kuma yi ta gunaguni. Sarauniyar Zazzau tana zuba Turanci! Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, Lucy Ameh ta hau matsayin Amina, namu Ali Nuhu yana gefe. Gunagunin yana da hujja, amma wanda bai sa hannu a aljihu ba, da wane baki zai ce miya ba ta ji gishiri ba?

Tun kafin nan haka abin yake. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, sai da Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya zo ya yi fim ɗinta a 1986, a Burkina Faso kuma aka ɗauke shi. Sai a 2024 Mai Martaba na Prince Daniel Aboki ya ɗan share mana hawaye. A Daura aka ɗauke shi, da Hausa, har Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar. Labarin sarkin Jallaba ne da ya so ya bar wa 'yarsa Sangaya gadon sarauta, kuma ɗaukarsa a garin Sarauniya Daurama ya dace ƙwarai.

Damuwata a nan ita ce, in an cire gimbiya mai neman karaga ko mai takobi, wace mace ta rage a finafinan nan? Kuyanga mai fifita, da kishiya mai zuwa gidan boka. Shi ke nan. Kamar dai mace ba ta shiga tarihi sai ta yi abin da maza ke yi.

Alhali tarihin yana cike da su. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata masu malfa da ake kira jaji, waɗanda ke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu a ƙarƙashin ƙungiyar 'Yan Taru. Ina fim ɗin jaji guda, tana tafe a ƙasa da ɗalibanta zuwa Sakkwato? A nan Katsina ga Hajiya Ma'daki, 'yar gidan sarautar Kano, matar Sarki Muhammadu Dikko, wadda ta bi shi Makka da Ingila, ta kuma tsaya wa karatun 'ya'ya mata lokacin da ake ganin boko abin ƙyama. Ga jakadiya, mai kai saƙo tsakanin cikin gida da fada, wadda ta san sirrin da waziri bai sani ba. Ga matan kulle da suka kaɗa zaren da masaƙa da marina suka yi arziki da shi.

Akwai kuma waɗanda muke jin nauyin nunawa: bayi mata da aka rabo da garuruwansu, da Maguzawa, da Buzaye, da 'yan bori. Tsohuwar Katsina kasuwar Sahara ce, kowane iri ya zauna a cikinta. Fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu ya yi wannan jarunta tun 1976, ya nuna uwa tana bin sawun ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Yau furodusa zai ce irin wannan ba ya kawo kuɗi.

Fim ɗin tarihi yana cin dukiya, gaskiya ne: dawakai, tufafi, gini, bincike. Amma masu dukiyar suna nan GRA, tsofaffin gwamnoni da manyan sakatarori da 'yan kasuwa, kuma sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kusa. Alhaji, abin da aka kashe a bikin 'yarka ta fari zai ɗauki nauyin binciken labarin Hajiya Ma'daki, a kuma ba marubuciya mace ta rubuta shi.