Yaron da Baƙaƙe Ke Yi wa Gardama

Da wuya ka shiga aji ka rasa irinsa. In malam ya yi tambaya da baki, shi ne kan fara ɗaga hannu. Amma da zarar an ce ya tashi ya karanta, sai ka ga gumi ya karyo masa, yana ta in'ina a kan kalmar da ya karanta jiya jiyan nan. Mu kuma 'yan aji me za mu yi in ba dariya ba? A gida a ce masa malalaci, a makaranta a ce daƙiƙi.

To, 'yan'uwana, wannan abu yana da suna. Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa masa suna disleksiya a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa, wanda lissafi bai gagare shi ba, amma karatu ya faskara. Da farko an zaci laifin gani ne. Yanzu masana sun gane cewa wahalar tana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kuma haɗa kowane sauti da harafinsa. Akan gaje ta, kuma ba ruwanta da ƙarancin basira. Turanci ya fi tona asirinta, domin haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44, alhali kuwa rubutun Hausa kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta.

Abin da nake so in yi magana a kai shi ne yadda irin wannan yaro zai jure. Yawancinmu ƙwazo muke dogara da shi. Ran da aka raba sakamakon jarrabawa sai zuciya ta ɗebe mu, mu yi rantsuwa za mu riƙa karatun awa uku kullum. Mai sauƙin karatu ya kan iya yin haka na mako guda har ya ga amfani. Mai disleksiya fa? Shafi guda yana cin ƙarfinsa kamar wanda ya yi noman yini. Ran na uku ya gaji, ya jefar da littafi, sa'an nan ya ƙara yarda da abin da ake faɗa masa, wai shi ba na boko ba ne. Wannan yarda ita ce babbar hasara, ta fi faɗuwa jarrabawa muni.

A ganina abin da zai cece shi sabo ne, watau ɗan aiki kaɗan wanda ba ya jiran sai rai ya so. Minti goma sha biyar sun isa a fara, amma a ɗaura su a jikin wani abin da ba a fashinsa, kamar bayan sallar asuba, a wuri guda, da littafi a ajiye tun daren jiya. Da yayyafi kogi kan cika. A 2009 wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, da abokan aikinta sun bi mutane 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada. Sun tarar abin yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai a binciken shi ne sun ga fashin rana guda ba ya rusa ginin. Saboda haka wanda ya makara yau, ya dawo gobe ba tare da ya tsine wa kansa ba.

Yadda za a yi karatun ma abin dubawa ne. Tun wajen 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka suka nuna cewa irin waɗannan yara sun fi kamawa in ido da kunne da hannu suka yi aiki tare. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ɗan makarantar allo yakan rubuta da hannunsa, ya ɗora yatsa, ya karanta da ƙarfi, ya maimaita, ya wanke, ya sake. Me zai hana a ɗauko wannan dabara a koyi haruffan boko da ita? Wayoyin zamani kuma suna iya karanta rubutu a ji da kunne, kuma ba abin kunya ba ne a nemi aboki ya karanta maka tarihi ko labarin ƙasa kana saurare.

Akan so a ƙarfafa wa irin waɗannan yara zuciya da sunayen manya. Muhammad Ali da ƙyar ya gama sakandare, ga shi ya zama zakaran damben duniya a 1964. Steven Spielberg, mai shirya finafinai, sai da ya kai shekara 60 aka gano yana da disleksiya. Gaskiya ne, amma labarin Ali ba zai karanta wa kowa takardar jarrabawa ba. Abin da ke riƙe yaro shi ne ya ga ci gabansa da idonsa. Ya sami ɗan littafi yana rubuta kalmomin da ya mallaka, biyar a mako ma sun isa, ya gwada kansa da yadda yake a watan jiya, ba da na ɗayan aji ba.

Iyayenmu, don Allah a ajiye bulala. Duka ba ya haɗa sauti da harafi, sai dai ya haɗa littafi da tsoro a zuciyar yaro. Ku zauna kusa da shi a waɗannan 'yan mintoci, ko da ku ba ku yi boko ba, ku yaba masa don ya zauna, ba sai ya karanta daidai ba. Malamanmu kuma, a Ingila ɗalibin da aka tabbatar yana da wannan lalura akan ƙara masa lokaci a jarrabawa, yawanci kashi 25 cikin 100. Ba sai mun jira gwamnati ba kafin mu gwada haka a gwajin mako da na ƙarshen zango, kuma a riƙa gaya wa yaro tun jiya sakin layin da zai karanta a gaban aji gobe.