Daga Bakin Zango: Matambayi Ba Ya Ɓata, Ko A Kan Keke

A watan nan zancen keke za mu yi, amma ba keken zuwa kasuwar Nima ba. Ina nufin keken hawan dutse, mai kaurin taya da giya da yawa, wanda samarinmu na Ankara suka ɗauka yanzu, suna haurawa da shi tudun Akuapem ranar Asabar. Abu ne mai kyau, gara shi da zaman banza a bakin titi. Sai dai akwai wani abu da ya same ni, wanda nake so in faɗa muku kafin ya sami wani.

Wanda bai san wurin ba, tudun Akuapem yana arewa da Ankara, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka zuwa Aburi. Hawan yana farawa ne daga Ayi Mensah, a wuce Peduase, a isa Aburi inda lambun itatuwan nan da aka buɗe a 1890 yake. Daga nan kwalta ta bi ƙoƙon tudun zuwa Mampong da Mamfe da Akropong. Wannan hanya kowa ya san ta. Wadda ba kowa ya sani ba ita ce ƙananan hanyoyin ƙafa da suka gangara hagu da dama zuwa gonaki, kuma su ne mai irin wannan keke yake nema.

Ran nan na hau ni kaɗai. Ɗan ƙanena ya sa mini taswira a waya, ya nuna mini wani siririn layi da ya sauka daga wajen Mampong, ya kewayo ya dawo kan kwalta. Na ce shi ke nan, ba sai na tambayi kowa ba. Bayan la'asar na kama gangara. Da farko daɗi, iska tana kaɗa ni. Can sai hanya ta tsuke, ruwan sama ya zaizaye ta, birki ya yi zafi har yana ƙauri. Inda waya ta ce akwai hanya, ni rafi na gani da ciyawa iya wuya. Na duba waya, babu sabis. Na duba baya, tudun da na sauko cikin minti 15 ya tsaya mini kamar bango.

Ina cikin tura keke a tsakiyar gonar koko, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wanda ake sayarwa Turawa, sai ga wani dattijo da adda a hannu. Ku duba lamarin ta wajensa: baƙo, da jaka a baya, a cikin gonarsa, rana tana shirin faɗuwa. Me zai zata in ba ɓarawo ba? Allah ya taimake ni na cire hular kwano, na gaishe shi da Twi, na ce, "Baba, ɓata na yi." Ya dube ni, ya dubi keken, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, wannan hanya ai mun bar ta tun da ruwa ya cinye gadar." Shi ya sa ni gaba har bakin wata turba, na fito kan kwalta ana kiran magariba.

To jama'a, darasin ke nan. Taswirar waya tana nuna inda hanya ta taɓa bi, ba ta faɗin halin da take ciki yau. Ba ta san gonar wane ce ba. Ba ta san inda aka ɗana tarko ba, ba ta san kurmin da mutanen gari suka keɓe don al'adarsu, wanda baƙo ba ya shiga, ba ta kuma san ranar da ba a zuwa gona ba. Waɗannan duka a bakin mutane suke.

Ba cewa nake a yar da waya ba. Manhajoji irin su Komoot da Strava suna nuna inda wasu masu keke suka riga suka bi, wannan kuwa alama ce mai amfani. A sauke taswirar a cikin waya tun daga gida, yadda za ta buɗe ko babu sabis. A kuma koyi karanta layukan tsawo: inda suka matse da juna, hawan a tsaye yake, inda suka ware, da sauƙi. Kilomita 10 a kan tudu ba ɗaya suke da kilomita 10 tsakanin Nima da Madina ba.

Bayan haka sai tambaya. Wa za a tambaya? Manomi, da mace mai ɗauko itace, da mai babur da ke kai kaya ƙauye. Direban tro-tro kwalta kawai ya sani. Kuma kada ka ce, "Wannan hanyar tana zuwa Mampong?" don mutum zai ce maka e saboda kara. Ka ce, "Ina wannan hanyar ta nufa, kuma yaushe ka bi ta?" Ka tambayi mutum biyu, in bakinsu ya zo ɗaya ka bi. In garin yana da zango, fara da masallaci, ba za ka rasa wanda zai haɗa ka da yaro ya raka ka ba. Gaisuwa kuwa ita ce gaba da kome.

Saura lokaci da guzuri. A ƙasar nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira, balle a ƙarƙashin itatuwa. A fita da sassafe. A watannin ruwa, daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, jar ƙasar nan santsi take kamar sabulu. A wurin da ba ka sani ba, fara da hawa ka ƙare da gangara, don in ƙarfi ya ƙare keke ya kawo ka gida. A duba birki kafin a tashi. A riƙe ruwa, da famfo, da kayan faci, da tocila. A faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce, amma sai inda sabis yake. Mafi muhimmanci, kada a tafi mutum ɗaya kamar yadda na yi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a gare mu. Kakanninmu fatake da suka zo Salaga neman goro ba su da taswira. Suna da madugu da jagaba, suna da mai masauki a kowane zango, kuma ba sa wuce gari ba su gai da masu shi ba. Da haka suka ratsa ƙasashen da ba su san harshensu ba, har muka zama 'yan ƙasa a nan. Abin kunya ne jikansu ya ɓata a bayan Mampong don ya ƙi buɗe baki.

Na koma wajen dattijon nan bayan mako biyu da goro da sukari. Ya nuna mini hanyoyi uku da babu su a waya ta. Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.