NAZARI: Dokar titin da ba a rubuta ba a Jami'ar Bayero, da wanda take cuta

Duk wanda ya shiga sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo a Kano, zai lura cewa dokar tuƙi tana sauya kama da zarar an wuce ƙofa. A waje akwai jami'an KAROTA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. A ciki kuwa, abin da ke tafiyar da zirga-zirgar yau da kullum fahimtar juna ce da kowa ya koya da ido, ba tare da an karantar da shi ita a makon karɓar sababbin ɗalibai ba.

Ginshiƙin wannan fahimta shi ne girma. Mai mota yana gaba da mai adaidaita sahu, shi kuma yana gaba da mai keke, mai keke yana gaba da mai tafiya a ƙasa. Girman bai tsaya ga ƙarfen da mutum ya hau ba, har da wanda ke zaune a ciki. Ɗalibin da ya hango mota ya san mai yiwuwa malamin da zai duba takardar jarrabawarsa ne ke tuƙa ta, don haka sai ya ja baya ko da shi ya riga sa ƙafa a titi. A bakin Kasuwar Kwari mai tafiya a ƙasa yana iya ɗaga wa direba murya. A harabar jami'a da wuya ya yi, domin tarbiyyar gida da tsoron maki sun haɗu sun rufe masa baki.

Makami ɗaya ya rage wa masu tafiya a ƙasa, wato yawa. Idan aka tashi daga lacca ɗalibai suka fito a ayari, titi ya zama nasu, direba kuma ya san babu amfanin danna oda. Ɗalibi guda da ke komawa ɗakin kwana bayan sallar isha ba shi da wannan gata. Ma'ana dai, dokar tana kare taro, tana barin wanda ya fi buƙatar kariya.

Mai keke ne maras gurbi a tsarin. Direba yana kallonsa a matsayin mai tafiya a ƙasa da ya shigo masa hanya, masu tafiya kuma suna kallonsa a matsayin abin hawa da ya shigo musu gefen titi. Saboda haka yake sauya matsayi yadda ya ga ta fisshe shi: ya bi hannunsa idan titi ya yi sarari, ya saɓa hannu idan ya makara. Kekuna da yawa ba su da fitila, wasu ko ƙararrawa babu.

Wannan tsari ya daɗe yana tafiya ne domin kowa ya san kowa kuma cunkoson bai kai ya kawo ba. Abin da ya sauya shi ne kuɗin mai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, kuɗin sufuri ya tashi a ko'ina, kuma ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci ya fi kowa jin sa. Sabon matsugunin fili ne mai faɗi, tsangayoyinsa a warwatse, tazarar da ake yankewa da abin hawa a da yanzu da dama da ƙafa ko keke suke yanke ta. Rukunin da ke ƙasan jerin shi ne ke ƙaruwa, a kan titunan da aka shimfiɗa da mota a zuciya.

Jihar Kano ta riga ta nuna cewa ana iya sauya ɗabi'ar titi da rubutacciyar doka. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni, adaidaita sahu ta maye gurbin acaɓa cikin ɗan lokaci. Dalilin tsaro ne, amma darasin a fili yake.

Ma'aunin da ya dace da harabar makaranta ma sananne ne. Sanarwar Stockholm ta 2020 kan kiyaye haɗurra, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya, ta nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa, domin a wannan gudun wanda aka buge ya fi samun damar tsira. Jami'a tana da ikon sa wannan iyaka a titunanta, ta zana wuraren tsallakawa a gaban manyan ɗakunan lacca, ta ware wa keke layi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an yi karo. A al'adar wannan ƙasa ƙaramin haɗari da “a yi haƙuri” ake kashe shi: a kai wanda ya ji rauni asibiti, mai mota ya biya magani, a watse. Sulhu alheri ne, sai dai ba ya barin rubutu, kuma hukumar da ba ta da lissafin kwanar da aka fi buge mutane ba za ta san inda za ta sa tudun rage gudu ba. Idan mai motar malami ne, wanda aka buge kuma ɗalibinsa, ɗalibin ne zai fara cewa babu komai.