SHARHI: Haɗarin mabuɗan sirrin da rumbunan bayanai ke ajiyewa a cikinsu

Rumbun bayanan banki ko na hukuma ba ya aiki shi kaɗai. Kullum yana tuntuɓar wasu na'urori a waje, ko dai domin ajiye kwafin bayanai, ko domin tantance lambar BVN da NIN. Kowace irin wannan hulɗa tana buƙatar suna da kalmar sirri, kuma tun da na'ura ce ke shiga ba mutum ba, tilas a ajiye mabuɗan a inda za ta ɗauka da kanta.

A nan matsalar take. Kalmar sirrin kwastoma ana dagula ta ne ta yadda ba za a iya dawo da ita ba. Mabuɗin fita waje kuwa dole ya buɗu duk lokacin da aka buƙace shi. Manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft tana kulle shi da wani babban mabuɗi da ke kan na'urar, yayin da PostgreSQL ke ajiye kalmar shiga rumbun waje a rubuce, sai dai ta taƙaita masu ikon karanta ta. Ko ta yaya, wanda ya ƙwace matsayin mai kula da rumbun zai iya kai wa gare su.

A 2019 an yi amfani da kuskuren saitin katangar tsaro wajen ɗauke mabuɗan wucin gadi na bankin Capital One da ke Amurka, aka kwashe bayanan mutum sama da miliyan 100. Mabuɗan na buɗe fiye da abin da aikinsu ke buƙata. A 2020 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 80.

A Najeriya ma, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana a Yunin 2024 cewa ta sayi bayanan NIN na manyan jami'ai kan naira 100 a wani shafi, ko da yake hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ɓarawon da ke riƙe da mabuɗi ba ya jiran bango ya tsage.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan an yi kutse mai haɗari. Amma kafin a kai can, ya kamata masu binciken bankuna da hukumomi su riƙa tambaya: mabuɗai nawa ke cikin rumbun, me kowanne ke buɗewa, kuma yaushe aka sauya shi?