Miliyan 10 a ƙarshen tsere: wa ke da kuɗin kaiwa wurin?



Daren Asabar muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani abokina ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu samari suna wasan mota wajen rakiyar amarya: mota na juyi, ƙura ta turnuƙe, yara na ihu dab da tayoyi. Ya ce: "Ka ga baiwa tana lalacewa a banza. Da wani kamfani zai sa miliyan 10 ga wanda ya zo na ɗaya, wallahi da yaran nan sun bar titi, da mu ma mun samu gasar tseren motoci ta ƙasa." Kowa ya ce gaskiya ne. Ni kaɗai na ce ban yarda ba, aka ce dama kai ba a taɓa kawo magana ka karɓa. To, ga dalilina a rubuce.

Maganar abokina ta ginu ne a kan wani zato da mu duka muke ɗauke da shi: in aka rataya babbar kyauta, mutane za su cika fili. Akwai ƙasar da ta daɗe tana gwada wannan a tseren motoci na ƴan sha'awa, wato mutanen da tsere ba shi ne sana'arsu ba. Mu je can mu duba.

A Amurka akwai ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944. Membobinta likitoci ne, da makanikai, da ƴan kasuwa, da ƴan fansho, waɗanda ke jawo motarsu a tirela ranar Juma'a su koma aiki ranar Litinin. Tun 1964 suke da babbar gasar ƙarshen shekara da suke kira Runoffs, inda ake fitar da zakaran ƙasa a kowane rukunin motoci. Kafin ka je can sai ka yi tsere a wasannin cikin shekara ka cancanta. Ƙungiyar kanta abin da take ba zakara lambar yabo ce da suna. Kuɗi da kaya daga kamfanoni suke zuwa: masu ƙera motoci kamar Mazda, masu tayoyi kamar Hoosier, masu birki, masu man inji.

Yanzu ku saurari yadda kyautar take, don a nan maganar take. Kyauta ce mai sharaɗi. Da farko ka yi rajista da kamfanin kafin tsere. Sai ka sayi kayansa da kuɗinka ka sa wa motarka. Sai ka liƙa tambarinsa a jikin mota, daidai inda ya ce, daidai girman da ya ce. Sai ka zo cikin na gaba-gaba. Sau da yawa ma akwai ƙarin sharaɗi cewa sai motoci kaza sun tashi a rukuninka, in ba su kai ba an rage kyautar ko an soke ta. In ka tsallake duk wannan, abin da mai tayoyi zai ba ka galibi tayoyi ne, ko takardar rangwame ta sayen kayansa na gaba.

Mu ɗauki misali, a ce motoci 40 sun tashi, 30 daga cikinsu da tayoyin kamfani ɗaya. Mutum 30 sun saya. Mutum 30 sun yi masa talla kwana uku ko mako guda, an ɗauke su hoto, an nuna su a intanet. Shi kuma ya biya mutum uku. Wanda injinsa ya fashe a zagaye na biyu ya yi tallan kyauta. Wanda ya daki katanga zai gyara da aljihunsa, don inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan haɗarin filin tsere. Ko mai allon talla a bakin titin Yamai ana biyansa kafin a san ko kaya za su sayu. A nan kuwa direba ne ya ɗauki hasara, kamfani bai fitar da ko dala ba sai ya tabbata kayansa sun ci. Ban ce haramun ba ne, ciniki ne, kuma kowa ya shiga da idonsa biyu. Amma don Allah a daina kiransa taimakon matasa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da babbar kyauta ke yi wa fili. In ka ɗaga ladan na ɗaya, ka ɗaga abin da mutum zai yarda ya kashe don ya zama na ɗaya. Mai hali zai sa sababbin tayoyi a kowane fita, ya kai injinsa wurin ƙwararre a sake masa shi, ya yi hayar fili ya yi gwaji tun kafin ranar. Marar hali zai zo da tayoyin da ya yi tsere uku da su. Mai halin ya ci, aka ba shi tayoyi kyauta, ya ƙara nisa. Marar halin ya lissafa kuɗin shiga, da man tirela, da ɗakin kwana, da rigar da wuta ba ta ci, da hular kwano, ya ga shekara uku yana zuwa na 20. A ta huɗu sai ya zauna gida. Kyautar da aka ce za ta jawo shi ita ta taimaka wajen korarsa.

Kuma kalmar "ƴan sha'awa" kada ta ruɗe ku. Paul Newman, fitaccen ɗan fim ɗin Amurka, ya zama zakaran ƙasa na SCCA sau huɗu, na farko a 1976. Direba ne na gaske, ba mai musun wannan. Amma ya yi shekaru yana tuƙa motocin Datsun da Nissan na wata tawaga da kamfanin ke mara wa baya. Ka tuna da malamin makarantar da ya haɗa motarsa a garajin gidansa, ya tsaya layi ɗaya da irin wannan tawaga, dukansu sunansu ƴan sha'awa.

Wani zai ce ai duk da haka mutane suna zuwa. Suna zuwa, amma me ke kawo su? A 2017 an kai Runoffs filin Indiyanafolis, filin da ake tseren mil 500 tun 1911, wanda kowane yaro mai son mota a Amurka ya taso yana mafarkinsa. Motoci kusan 1,000 suka zo, abin da gasar ba ta taɓa gani ba. A 2018 aka kai ta Sonoma, can jihar Kalifoniya a gaɓar yamma, sai adadin ya faɗo ƙwarai. Masu tayoyi da masu motoci suna nan da kyaututtukansu a shekarun biyu. Abin da ya canja shi ne sunan fili da nisan hanya. Daga Indiyanafolis zuwa Sonoma ya haura kilomita 3,000, ya fi Yamai zuwa Difa sau biyu, kuma da tirela za ka yi shi, ka bar aikinka mako biyu. Mutum ya duba aljihunsa da hutun da zai samu wurin aiki, ya yanke shawara. Tayoyi biyun da wataƙila zai ci ba su shiga lissafin ba.

Ga wani abin dariya kuma. Tun 2006 akwai wata gasa a Amurka mai suna 24 Hours of Lemons, wadda dokarta ita ce kada kuɗin motarka ya wuce dalar Amurka 500, ban da kayan kariya irin su birki da ƙarfen da ke kare direba. Abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi akwala, su riƙa karɓa-karɓa wajen tuƙi. Masu shirya ta sun yi suna da biyan wanda ya ci da tarin ƙananan tsabar kuɗi masu senti 5, don a yi dariya, don kuma kowa ya gane ba kuɗin ne ya tara su ba. Filayensu na cika.

Don kada a ce na ɓoye gaskiya: akwai kuɗin kamfani da ya yi amfani, kuma Mazda ce babban misali. Rukunin Spec Miata yana cikin mafi cika a SCCA. Amma ku duba dalili. Motar ƙarama ce, an ƙera ta da yawa tun wajen 1990, tsohuwarta ba ta da tsada, doka ta ƙayyade abin da za ka iya canjawa a jikinta, kuma kamfanin na sayar wa masu tsere kayan gyara da rangwame, ko ka ci ko ka zo na ƙarshe. Wannan taimako ne a bakin ƙofa, kowa ya samu. Kuɗin da Mazda ke ba waɗanda suka ci ƙari ne a kai. Ko a nan ɗin ma masu hali sun gano hanyar kashe kuɗi a kan inji, sai dai dokar ta rage musu tazara.

Faransa ma, da muka fi sanin labarinta, ta nuna haka. Hukumar wasan motocinta tana da wani shiri mai suna Rallye Jeunes: matashi ya biya ɗan kuɗi kaɗan, a ba shi mota, ya zagaya tsakanin alamomi a fili, agogo ya yi hukunci. Ba ya buƙatar mallakar ko keke. Sébastien Loeb, yana mai koyon aikin lantarki, ya kai zagayen ƙarshe a 1995 da 1996. Daga baya ya zama zakaran duniya sau tara a jere, daga 2004 zuwa 2012. Sébastien Ogier ya ci shirin a 2005, shi ma ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2018 ba yankewa. Da an ce musu ku zo da motarku, ga miliyoyi ga wanda ya ci, da Loeb yana can yana jan waya a bango.

Sai kuma abin da ba a son faɗa: kamfani baƙo ne, ranar da lissafinsa ya canja zai naɗe tabarmarsa. Ita Mazdar da na yaba, a ƙarshen 2018 ta janye daga shirin Road to Indy, wanda ta yi shekaru tana ba matasan da suka ci kuɗin hawa mataki na gaba. Ba ta yi laifi ba, ta duba inda kuɗinta zai fi yi mata amfani ne. Amma gasar da kyautar kamfani ɗaya ce ginshiƙinta, takarda ɗaya daga ofishin talla ta isa ta girgiza ta.

Mu dawo gida. Mu ba baƙin tseren motoci ba ne, mun dai saba da kallonsa. Shekaru da dama ayarin Paris-Dakar yana ratsa Tenere da Agadas da motoci cike da tambarin kamfanoni, a 2000 ma daga Yamai aka kwashe su a jirgi zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. Sun wuce, mun sha ƙura. Wasan da ya zama namu na ƙasa shi ne kokowa, kuma ku tambayi kanku dalili. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ba a taɓa rasa ƴan kokowa ba, don yaro a ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ba ya biyan kowa kafin ya shiga fili bayan girbi. Ƙasa ce da ƙarfinsa da makaɗi. Kamfanoni da manyan kyaututtuka sun zo ne suka tarar da fili a cike, shi ya sa ma suka zo.

To yanzu a ce kamfanin abokina ya amsa, ya sa miliyan 10 ɗin. Wa zai tsaya layi? Wanda ke da motar da zai iya lalatawa bai kwana da yunwa ba. Ƴaƴan manya biyar ko goma, waɗanda dama su ne a cikin bidiyon, da motar baba. Yaron garaji da ya san inji kamar tafin hannunsa, da ɗan kabu-kabun da ya fi su duka iya karanta hanya, za su tsaya bayan igiya suna tafi, sanye da rigar da kamfanin ya raba. A ƙarshe ɗan mai kuɗi ya karɓi babban cek na kwali, a ɗauki hoto, a ce an tallafa wa matasa. Kuma da yake an sa kuɗi a gaba alhali ba fili, ba doka, ba mai duba birki, gwajin da za su riƙa yi kafin ranar a kan titin unguwarku za su yi shi, lokacin da ƙannenku ke dawowa daga makaranta.

Ni da za a tambaye ni, miliyan 10 ɗin nan ba za ta je hannun mutum ɗaya ba. A samu fili a bayan gari a kewaye shi, ƴan kallo su yi nisa. A sayi tsofaffin ƙananan motoci iri ɗaya guda uku ko huɗu, mallakar ƙungiya, makanikanmu su riƙa kula da su a biya su. A tanadi hulunan kwano, da motar asibiti a tsaye tun kafin a tada inji. Mota ɗaya-ɗaya za ta riƙa fita, agogo ya raba gardama, kuɗin shiga kada ya wuce abin da ɗan kabu-kabu zai samu a yini. Wanda ya ci a ba shi kofi. Kamfani ya liƙa tambarinsa a ko'ina ya ga dama, ban hana ba, amma ya biya tun farko, a rubuce, na shekara uku aƙalla, kuma a karanta yarjejeniyar a bainar jama'a.

Da na faɗi haka a fada, abokina ya ce ba kamfanin da zai yarda, don hoton cek ɗin miliyan 10 ya fi hoton motar asibiti kyau a Facebook. Na ce masa ai ka ga ka amsa wa kanka tambayar ko don wa ake sa kyautar. Ya yi dariya, ya ce in miƙo kofina, shayi na uku ya nuna.